Zubin ƙarfe da baƙin mai: kurakuran da aka fi yi

Zubi ba baƙon abu ba ne a Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19 aka zuba igwa a Zinder. Sai dai masu komawa baƙin man mota yau saboda tsadar gawayi, akasarinsu da tukwanen alminiyom hannunsu ya saba. Alminiyom na narkewa a digiri 660, shi kuwa ƙarfen zubi sai wajen 1,200. Murhun da aka shafe da siminti ba ya jure wannan wuta, farfashewa yake yi. A gina shi da bulon wuta, tukunyar narkarwa kuma ta zama ta girafait, wato baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi. Tukunyar ƙarfe tare da kayan za ta narke.

Babban abin da ke raunata mutane shi ne danshi. Ruwa in ya zama tururi, yana kumbura kusan ninki 1,700, sai ya watso narkakken ƙarfe a jikin mai zubi. Kuma ta ko'ina yake shigowa. Man da aka karɓo a gareji yakan zo da ruwa, don haka a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan ta ƙasa, a tace da ƙyalle. Tarkacen da za a narka, da ludayi da awartaki, duk a gasa su a bakin murhu tukuna. Yashin zubi kuwa, wato wanda ake fitar da siffar kaya a cikinsa, ka dunƙula shi a hannu: ya riƙe siffa, ya karye tsaf, kada ya jiƙa maka tafi. A huda masa ƙofofin iska da waya. Kada a yi zubi a kan daɓen siminti, a shimfiɗa busasshen yashi.

Wasu na sakin mai cikin murhu mai sanyi, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. A fara da itace ko gazuwal har bango ya yi ja, sannan a buɗe mai kaɗan-kaɗan. Hayaƙi alama ce mai ya fi iska yawa. Da hunturu man kan yi kauri. A ɗumama shi ko a sirka da gazuwal, ban da fetur ko kusa. In aka ɗauke wuta fankar da ke hura wa murhu iska ta tsaya, fara rufe mai kafin komai.

Rodi da shasin mota ba sa narkewa sai kusan 1,500, ɓata mai ne kawai. A nemi fasasshen inji ko gangar birki. Man taransifoma da ƙarfe mai rufin tutiya, don Allah a nisance su, hayaƙinsu guba ne, ga yara a gida.

In an zuba, a bar kayan ya huce cikin yashinsa. Wanda aka yi gaggawar tonewa yakan ƙanƙare har magagari ya kasa cinsa.