Darasi na Bakwai: Ƙudan Zuma da Amfanin Gona

To 'yan uwa ɗalibai, yau kan ƙudan zuma za mu tsaya, amma fa ba zancen shan zuma ba ne, zancen gona ne.

In kankana ko kabewa ta fara fure ku tsuguna ku duba da kyau, furen iri biyu ne, akwai namiji akwai mace, ita macen za ku ga ɗan ƙullutu a gindinta. In ba a kai mata garin furen namiji ba sai ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi, in kuma garin bai isa ba sai ɗan ya fito a karkace, manomi ya yi ta zagin iri ko taki alhali ba laifinsu ba ne. Masu kai garin nan su ne ƙudan zuma, suna neman ruwan fure garin na mannewa a gashin jikinsu, su tashi su sauka kan wani, shi ke nan barbara ta yi. Masara da shinkafa da alkama ba ruwansu da wannan, amma kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna ƙaruwa da irin wannan barbarar. A Kalifoniya ta Amurka har hayar amya masu gonar almon, wani ɗan itace mai ƙwaya kamar gyaɗa, ke yi, a kawo su cikin manyan motoci duk Fabrairu.

To me ke kashe su? A 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka riƙa buɗe amya su tarar ƙudan da ke aikin nemo abinci sun ɓace, sai sarauniya da 'yan tsiraru. Dalilan da yawa. Akwai wata 'yar kaska ja mai suna baroa, ba ta wuce kan allura ba, tana cin jikinsu tana sa musu cuta, shi ya sa in ka ga ƙudan zuma a bakin amya yana rarrafe fikafikansa a yamutse to ka bincika. Akwai yunwa, don an sare itatuwa an share ciyawa mai fure. Sai maganin ƙwari, wanda ni a ganina shi ne ya fi zama a hannunmu, har Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu guda 3 a filayen gona a 2018.

Dan Allah kar a yi feshi ana tsakiyar fure, in ya zama dole a bari sai yamma liƙis sun koma gida, a kuma gaya wa mai amya na kusa tun kafin ranar. A ajiye musu ruwa a faranti a zuba tsakuwa don kar su nutse. Mai ɗibar zuma kuma hayaƙi kaɗan ya isa, ban da wuta, a bar musu wani sashe na saƙar su ci.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan shuka 3 da ya ga ƙudan zuma a kan furenta, da lokacin da ya gan su, safe ne ko rana.