Yadda ake gwada ko furotin mai kama kalsiyam yana lanƙwasa tantanin kitse

A ƙwayar halittar da ke hutawa, kalsiyam ɗin ciki kusan nanomola 100 ne, na waje kuwa milimola 1 zuwa 2. Da ya kwararo ciki, sai furotin irin su sinaptotagmin-1 da aneksin su manne wa tantanin kitsen da ya kewaye ƙwayar su sauya masa siffa. Ana iya ganin wannan a ɗakin gwaji da laifosom, wato 'yan ƙunshin kitse da aka haɗa da hannu.

Don haɗa laifosom, a gauraya nau'in kitse biyu, DOPC kashi 75 da DOPS kashi 25, a busar da su da iskar naitirojin, sannan a jiƙa da ruwan HEPES (sinadarin da ke daidaita tsamin ruwa) milimola 20 mai pH 7.4 da gishirin NaCl milimola 150. A tura ta matata mai hudar nanomita 400. Manyan laifosom sun fi, domin ƙananan sun riga sun lanƙwashe, ba za a ga bambanci ba. Kada a rage DOPS: kansa ne ke ɗauke da cajin nagatif, shi kalsiyam ke haɗawa da furotin.

A raba samfurin huɗu: laifosom kaɗai, laifosom da kalsiyam, laifosom da furotin tare da EGTA (sinadarin da ke kame kalsiyam) milimola 1, sai laifosom da furotin tare da kalsiyam. A bar su 'yan mintuna, a rina da yuranil asitet kashi 2, a duba a madubin ilektron.

Sinaptotagmin-1 na da sassa biyu, C2A mai kama kalsiyam 3 da C2B mai kama 2. Idan sun kama, sai su cusa bakinsu cikin ɗaya daga shimfiɗa biyu na tantanin, kamar weji a itace. Wannan ɓangaren ya faɗaɗa, ɗayan bai motsa ba, dole tantanin ya karkata. Abin da za a gani shi ne siraran bututu suna fitowa daga jikin laifosom. Aneksin A5 kuwa uku-uku yake haɗuwa ya shimfiɗu a sama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da ruwan fosfat, wanda ke daskarar da kalsiyam ya zama gari. Kalsiyam mai yawa ma, ko ba furotin, yana dunƙule laifosom masu DOPS, shi ya sa samfuri na biyu ba abin tsallakewa ba ne. A yanke alamar GST (furotin da ake maƙala wa wanda ake nazari don sauƙin tace shi) kafin gwaji, don tana haɗa furotin biyu-biyu. C2B da aka samar a bakteriya kuma yakan zo da guntayen DNA ko RNA manne a jikinsa, sai an wanke da gishiri mai ƙarfi.