Yadda Ake Auna Yawan Dalma a Cikin Ƙasa

A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a wasu ƙauyukan jihar Zamfara, irin su Dareta da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, har yara kusan 400 suka rasu. Ƙasar tsakar gidajen ba ta da wata alama da ido zai gane, sai da aka auna ta aka tarar da wuraren da dalma ta haura miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali miligiram 400 ne iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara.

Aikin yana farawa ne daga ɗiban ƙasar, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin na'ura komai tsadarta abin da aka kai mata shi za ta auna. Idan lafiyar yara ake dubawa, ƙasar sama ake kankarowa, wadda ba ta wuce zurfin santimita biyu zuwa biyar ba, saboda ita ce ke manne wa hannu ta shiga baki. Idan kuwa gona ce, sai a haƙa har santimita 20, inda saiwa ke kaiwa. A ɗiba da cokalin roba daga wurare biyar, a cakuɗa, a ƙulle a sabuwar leda, a rubuta wuri da rana, sannan a wanke cokalin kafin a koma wani wurin. Tsohon gwangwanin fenti ko bokitin kwano ba abin zuba samfuri ba ne, don shi kansa yana iya ƙara wa ƙasar ƙarfe.

A ɗakin gwaji ana baza ƙasar a inuwa ta bushe, a tsince tsakuwa da ciyawa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita biyu, sannan a daka a turmin tangaran har ta yi laushi kamar gari.

Daga nan sai narkarwa, wato fito da ƙarfen daga jikin ƙasa ya koma cikin ruwa. Ana auna giram ɗaya, a zuba masa haɗin asid mai ƙarfi, kashi uku na haidirokulorik da kashi ɗaya na naitirik, a ɗora a wuta mai zafin kimanin digiri 95 har jan hayaƙin da ke tashi ya daina fita. Wannan mataki ba na gida ba ne. Dole a yi shi a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, domin hayaƙin yana ƙona huhu. Idan ya huce sai a tace da takardar tacewa, a ƙara tataccen ruwa har ya cika mililita 100 daidai.

Wata na'ura da ake yawan amfani da ita, wadda ake kira AAS a taƙaice, tana fesa ruwan cikin harshen wuta, ta haska shi da fitilar da aka yi musamman don dalma, ta auna yawan hasken da dalmar ta shanye. Kafin a ba ta samfuri sai an saita ta da ruwan da aka riga aka san yawan dalmar da ke cikinsa, kashi huɗu ko biyar, daga mai kaɗan zuwa mai yawa. Lissafin ba shi da wuya: idan ta nuna miligiram 4 a lita, sai a ninka sau 100, tunda giram ɗaya aka narkar a mililita 100, ya zama miligiram 400 a kilo.

Akwai kuma na'urar hannu ta XRF, mai haska ƙasa da hasken X-ray, wadda aka yi aiki da ita sosai a Zamfara, mai ba da amsa nan take ba tare da asid ba, sai dai danshin ƙasa yana rage mata daidaito, shi ya sa akan tura wasu samfuran ɗakin gwaji don tabbatarwa.

A kowane zagaye a haɗa da kwalba ɗaya ta asid zalla ba ƙasa, wadda za ta bi duk matakan, don a gane ko kayan aikin ne suka gurɓata. A kuma narkar da samfuri ɗaya sau biyu. Idan amsoshin suka yi nisa da juna, a koma turmi a sake dakawa, a maimaita awon.