Darasi na Bakwai: Ragowar Magani a Cikin Ruwa

Idan mutum ya sha magani, ba duka ne jiki yake amfani da shi ba. Wani kaso yana fita ta fitsari da bayan gida, ya bi kwata ko ya tsiyaya daga masai, daga can kuma ya gangara rafi ko ya sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka abin yake ga shanu da kaji da aka yi wa allura, ga kuma ruwan da asibitoci da masana'antun magani suke zubarwa.

A shekarar 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila sun fitar da sakamakon gwajin ruwan koguna 258 a ƙasashe 104. Cikin abubuwan da suka fi cin karo da su akwai maganin farfaɗiya da maganin ciwon suga, kuma gurɓatar ta fi muni a Lahore ta Fakistan da La Paz ta Bolibiya da Adis Ababa ta Habasha. Tun a 2007 ma an gwada ruwan da ke fita daga wata matatar ruwan masana'antun magani a Patancheru, kusa da Haidarabad a Indiya, aka tarar da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna siprofuloksasin ya fi yawan wanda ake samu a jinin majinyacin da ke shan sa.

Kada mai karatu ya firgita. Abin da ke isowa famfo kaɗan ne ƙwarai, kuma a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da wuya ya cutar da mai sha. Babbar damuwar tana wajen ƙwayoyin cuta, domin idan suka daɗe suna zama cikin ruwa mai ɗan magani, sai su saba da shi, har wata rana likita ya rubuta maganin, a sha, ciwon ya ƙi jin magani.

Matatar ruwa irin wadda muka sani tana sa alif domin laka ta kwanta, ta tace da yashi, sannan ta zuba kulorin. Wannan yana kashe ƙwayoyin kwalara da taifod, amma wasu magungunan suna wucewa, kuma tafasa ruwa a gida ba ya fitar da su. Sai an haɗa da gawayi na musamman ko iskar ozon, aikin da ke cin kuɗi, wanda Suwizalan ta wajabta wa manyan matatunta na ruwan ƙazanta tun 2016.

A duba kwandon magani na ɗaki. Sau da yawa za a ga kwalbar maganin tari ta yi rabi, murfinta ya daskare da zaƙi, ga kuma kafso uku da aka bari don an ji sauƙi. Kada a juye su a kwata ko masai. A tambayi mai kemis ko yana karɓa. Idan ba ya karɓa, a cakuɗa su da ƙasa a cikin leda, a ƙulle bakinta sosai, a sa a shara inda yara da awaki ba za su kai ba.