Darasi na 7: Allura da Abinci Bayan Tiyatar Dajin Tumbi da Maƙogwaro

Ku ɗauko katin asibiti na majinyacinku, ku ajiye shi a gabanku. Wanda aka cire wa tumbi saboda ciwon daji ya rasa wani sinadari da tumbin ke samarwa, wanda sai da shi hanji yake iya tsotsar bitamin B12. Saboda haka ko kullum yana cin hanta da kifin Yawuri, bitamin ɗin ba zai shiga jininsa yadda ya kamata ba. Shi ya sa likita yake rubuta allurar B12, wani duk wata, wani duk bayan wata 3, kuma wanda aka cire wa tumbin gaba ɗaya zai riƙa karɓarta har ƙarshen rayuwarsa.

Yanzu ku nemo ranar allura ta gaba a jikin katin, ku ɗora yatsa a kanta, ku karanta da ƙarfi. Lambar farko rana ce, ta biyu wata. Ku kwafe ta a kalandar ɗaki, ku zagaye ta da biro. Madalla. Wanda ya rikice ya sake, ba abin kunya ba ne: rana tukuna, sannan wata. Ku sake karantawa.

A nan ne nake yawan ganin sakaci, kuma na gaji da jin "ai ya samu sauƙi". Hanta tana ajiye B12 na shekaru, don haka wanda ya daina allura zai daɗe yana ganin lafiyarsa ƙalau, sai daga baya kasala, ciwon harshe, mantuwa da mutuwar tafin ƙafa su bayyana, kuma lahanin jijiya ba kullum yake warkewa ba. Kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ba hujja ba ce. Ku tambayi likita ko za a iya yin allurar a asibitin garinku. Ku koma kan katin, ku sake duba ranar.

Kamar ƙarancin B12, ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana jawo ƙarancin jini. A ba majinyacin nama, wake da zogale, a raba shayi da lokacin cin abinci.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau 6 a rana, a tauna sosai. Ruwa sai bayan minti 30. A rage zaƙi. Wanda aka yi wa aikin maƙogwaro, wato bututun da abinci ke bi zuwa tumbi, kada ya kwanta da zarar ya gama ci.

Maganar ƙashi da bitamin D, ku tambayi likita ranar gwajin jini.