Yadda kwamitin masallaci zai riƙe wanda ya fito daga gidan yari

Duk azumi sai ka ji wani bawan Allah ya je gidan gyaran hali na Ƙofar Doka a Zariya ya biya wa mutane tara an sallame su, Allah ya saka da alheri, aiki ne babba wallahi. To amma daga bakin get ɗin sai ina? Yaro ya fito da leda ɗaya a hannu, ko na mota babu, a gida ma ba a san yau zai fito ba. Nan ne aikin masallatan unguwa yake, kuma ba sai da miliyoyi ba.

Ku fara da mutum huɗu ko biyar: liman, mai unguwa, mai sana'a ɗaya, da dattijuwa ɗaya saboda ita ce za ta iya shiga cikin gida ta yi magana da uwar yaron. Ku rubuta wa shugaban gidan yarin takarda a hukumance, ku nemi ganin jami'in walwala, shi ya san wanda tara kawai ta riƙe da wanda wa'adinsa ya kusa cika. Tun 2019 doka ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, to ku shiga da wannan maganar. Akasarin na ciki fa jiran shari'a suke yi, waɗannan lauya suke buƙata, ku haɗa su da Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, ko ku nemi shawara a tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo. Tarar kuma kada a damƙa wa kowa a hannu, a biya ta hanyar kotu a karɓi rasit.

Kafin ranar fitowa ku je gidansu, wannan shi ne mai wuyar. Wani uban ya riga ya rantse ba zai sake taka masa zaure ba, wani kuma wanda aka yi wa satar maƙwabci ne katanga ɗaya, kullum za a haɗu a sahu. Liman ya zauna da kowa daban-daban, kada a tara jama'a, in akwai haƙƙi a yi maganar yadda za a biya ko da kaɗan-kaɗan ne, in aka tsallake wanda aka cuta to unguwa ba za ta karɓe shi ba ko me za ku yi. Masu bashi suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta ambata a rabon zakka, ku tambayi malaminku yadda za a yi amfani da ita a nan.

Ranar sallama mutum biyu su je su ɗauko shi, da sabuwar riga da silifas da sabulu, a biya wajen aski. Don Allah banda hoto, banda sanarwa a lasifika bayan Juma'a.

Sai sana'a. Kada a ba shi jari a hannu a satin farko. A kai shi wajen mai walda a Tudun Wada, ko kafinta, ko masu gyaran waya a PZ, ko ɗinkin babbar riga a cikin birni, ku faɗa wa ogan gaskiyar inda ya fito, ɗaya daga cikinku ya tsaya masa. Kwamiti ya riƙa ba da na abinci da na Keke kullum har hannunsa ya faɗa. In yana shan ƙwaya a kai shi asibiti a haɗa da addu'a, nasiha kaɗai ba ta cire wannan.

Tsohuwar majalisarsa tana nan tana jira, musamman daga magariba zuwa dare, saboda haka a cika masa wannan lokacin da islamiyyar dare ko wani ɗan aiki. In Kirista ne ku nemi fasto a Wusasa ko Sabon Gari ku miƙa shi hannu da hannu. Mutum ɗaya ya riƙa leƙa shi a shago duk sati, kuma ku fara da yaro ɗaya ko biyu, sai kun ga sun zauna sannan ku koma Ƙofar Doka ku nemi wasu sunayen.