Yadda ake gane daɗin tsohuwar kyamarar fim a hannu

Da farko ka ɗauke ta da hannu biyu, dama ya riƙe jikinta, tafin hagu ya tallafi gilashin gaba ta ƙasa. Ka lura da inda yatsunka suka sauka da kansu, domin a nan gwanintar maƙerin take. A Olympus OM-1 ta 1972, Yoshihisa Maitani, wanda ya tsara ta, ya sa zoben saurin ɗauka a gindin gilashi, saboda hannun hagu ya riƙa juya komai, ido kuma yana kan abin da ake ɗauka.

Sai ka tabbatar babu fim a ciki, ka buɗe bayanta. Ka ja sandar naɗe fim da babban yatsa. Lafiyayya tana tafiya sumul, ba cijewa. In ta cije, kada ka tilasta mata.

Yanzu aikin kunne ne, kuma nan na fi so mutum ya daɗe. Ka sa sauri a 1/1000 na daƙiƙa ka danna, za ka ji ƙas. Ka riƙa saukowa har daƙiƙa ɗaya, inda za ka ji ƙananan haƙoran ciki suna zirrr kamar agogo kafin labulen da ke tare haske a gaban fim ya rufe. In sautin yana jan ƙafa, man ciki ya daskare. Nikon F ta 1959 tana da madubi mai ɗagawa, shi ya sa ƙararta ke da nauyi. Leica M3 ta 1954 ba ta da shi, labulen ƙyalle ne kawai, sai ka kasa kunne kafin ka ji. Ita wannan kada a bar gilashinta yana kallon rana ba murfi, rana tana iya huda labulen.

Daga nan ka koma kan gilashi. Ka murza zoben saita nisa a hankali, ya kamata ya yi ɗan tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Zoben ƙofar haske kuwa yana ɗan tsayawa a kowace lamba: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Kowane mataki yana rage rabin hasken da ke shiga. Ka haska tocila ta baya ka leƙa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, kuma tana cin gilashi.

Bayan haka sai leƙe. A Leica hoto biyu za ka gani a tsakiya, ka murza har su haɗe. A Rolleiflex ƙasa ake sunkuyawa, kyamara tana daidai cikinka, a hoton kuma dama ta koma hagu. Ranar farko sai ta ruɗa ka.

Daga ƙarshe ka sa mata fim ka fita. Na 35mm yana ba da hoto 24 ko 36, na 120 a Rolleiflex 12 kacal. Mai koyo ya fara da Pentax K1000, wadda batir ɗinta ma'aunin haske kaɗai yake yi wa aiki, ko ya mutu tana ɗauka.